Ranar da Muka Shanya Tumatir a Kan Tamfol Ɗin Aro

Na kai shekarun da nakan yi ta laluben tabarau alhali yana kan hancina, jikokina kuma sun saba, in na fara ba da labari sai sun tuna mini inda na tsaya. Amma akwai rana guda da ba na jin mantuwa za ta taɓa ci mini ita, wato ranar da wata gidauniya ta aiko mana da baƙuwa takanas don ta ga halin da muke ciki, mu kuma muka haɗa ƙarfi gaba ɗaya muka ɓoye mata shi.

Ni mutumin wani ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, daf da babban kanal ɗin da ke shayar da gonakin rani. Tun ina saurayi na bar gida. Na yi fatauci a Kamaru, na yi aikin kula da sito wurin wasu masu ba da agaji a Chadi da Sudan, na kuma zauna a Jidda har gemuna ya fara fari. Da ƙafa ta gaji na dawo gida da Larabci da Faransanci da Turanci da ɗan Fillanci, da ciwon gwiwa, da surutun da ba ya ƙarewa. Tun daga lokacin duk takardar da ta shigo garin da baƙon rubutu, ko da ta cikin kwalin magani ce, ƙofar gidana ake kawo ta.

A wajenmu, in tumatir ya nuna, gaba ɗaya yake nuna. Daga Kadawa har Bunkure kowa ya ɗebo nasa, kasuwa ta cika ta batse, dillali ya taya kwando da abin da ko kuɗin dako ba zai mayar ba. To a nan mata ke shigowa. Sukan karɓi tumatirin su yayyanka, su shanya ya bushe ya zama kauɗa, a ajiye sai damina, lokacin da ɗanye ya yi wuya. Sana'a ce mai rufin asiri, illarta guda ce: a ƙasa ake shanyawa. A share fili a baza, rana ta yi aikinta, awaki su yi nasu, kaji su yi nasu, yashi kuma ya shige ko'ina. Wanda ya sha miyar kauɗarmu ta wancan lokacin, haƙoransa ne za su fara ba shi labarin filin da aka shanya ta.

Shugabar ƙungiyar matan da ke wannan sana'a taubashiyata ce, 'yar kawuna. Da yake ni ɗan mace ne ita 'yar namiji, tun muna yara ta ce ni bawanta ne, kuma har yau da muka tsufa ba ta 'yanta ni ba. Gajeriyar mace ce, amma in ta yi magana a wannan gefen kanal, na wancan gefen kan amsa. Bayan rasuwar mijinta ita ta tara matan, ita ta yi ta zirga-zirga har aka yi wa ƙungiyar rajista, ita kuma ta lallaɓi ƙanen mijin nata ya ba su wani fili a bakin gari don a gina wurin shanya: daɓen siminti, da shinge, da ɗan ɗakin ajiya. Ya bayar, amma da shekaru suka fara tafiya filin na zaune ba gini ba shuka, sai ya zo har zaurena ya sa ni shaida.

"Alhaji, ka gaya wa matar yaya," in ji shi, "ba rowa na yi ba. Amma in ruwan bana ya sauka ban ga harsashi a filin nan ba, garma zan sa. Dawa ba ta jiran Turawa."

Matan ƙungiyar ma sun fara ƙananan maganganu, wai shugaba baki kawai gare ta. Kowa ya san in filin ya tafi, ƙungiyar ta watse, kuma taubashiyata ba za ta sake iya tara ko mata uku a garin nan ba.

Kafin in shiga maganar, sun nemi tallafi wurin gidauniyoyi har sau biyu, ana ba su haƙuri. Na ukun ni aka zaunar in rubuta da Turanci, ita tana faɗa ina ɗauka.

"Rubuta muna gaishe su, su da iyalansu."

"Na rubuta."

"Rubuta Allah Ya ƙara musu arziki, Ya kare su daga sharrin mahassada."

"Na rubuta, Hajiya."

"Rubuta mu ma mun gode Allah, sana'armu tana tafiya yadda ake so."

Na ɗaga alƙalami na ce, "To in tana tafiya yadda ake so, me za su tallafa?"

Ta harare ni ta ce, "Kai bawa, rubuta abin da aka ce maka. So kake mu tona wa kanmu asiri gaban mutanen da ba su san iyayenmu ba?"

Da ƙyar na samu na cusa maganar wurin shanya a can ƙarshe, a ɗarare, kamar saurayin da ya je gidan surukai yana son ƙarin tuwo. Ban sa rai da amsa ba. Sai ga saƙo ta waya cewa wata jami'arsu za ta zo zagayen ƙungiyoyi a wajen Kadawa, kuma za ta ratso ta wurinmu ta ga abin da idonta. Tunda muna da mai jin Turanci, ba za ta zo da tafinta ba.

Ni na ga irin wannan ziyara a wurare da dama. A Chadi, in mai duba buƙata ya sauka, kafin a ba shi ruwa sai an kama hannunsa an kai shi bakin rijiyar da ta rufta. A Duwala ta Kamaru ɗan kasuwa kan fara kukan halin da yake ciki tun kafin ya amsa gaisuwa. Mutanen Sudan sun fi kama da mu, za su yanka maka akuyarsu ta ƙarshe, amma da zarar an sha shayi za su faɗa maka cewa ita ce ta ƙarshen. Mu kuwa mu yanka, mu dafa, mu ce da baƙo ai garken yana daji. Don haka na je na sami taubashiyata na ce mata kada a taɓa komai, a bar filin shanya yadda yake, da yashinsa da awakinsa. Ta ce, "To." Duk wanda ya san ta ya san wannan "to" ɗin ba amsa ba ce, hanyar sallamar mutum ce. Ni kuma ina da ganin likitan gwiwa a Kano, na tafi na kwana can, ban dawo ba sai da hantsin ranar da baƙuwa za ta zo.

Da na sauka daga mota na ɗauka direba ya wuce da ni wani gari. An share hanya an yayyafa mata ruwa. Filin da na sani da ƙasa da kashin awaki, an shimfiɗe shi da sababbin tamfol shuɗaye, tumatir a jere a kai kamar an auna da igiya, kuma zaɓaɓɓe ne, babu ruɓaɓɓe ko ɗaya. An kafa rumfunan biki, an jera fararen kujerun roba. Akuya kuwa ko ta magani babu, duk an ɗaure su a cikin gidaje, sai kukansu kake ji ta bayan katanga kamar masu neman beli. Matan ƙungiya sun fito cikin anko, wasu har da lalle. Daga bayan rumfa ƙanshin dafa-duka da soyayyen kaza yana tasowa.

Taubashiyata ta taho tana gyara ɗaurin kallabi, fuskar nan cike da alfahari. "Yaya ka gani, ɗan yawon duniya? A Jiddan taku ana haka?"

Na ce, "Hajiya, wa za a aurar?"

"Ban son shashanci. Baƙuwa za ta taso daga wata ƙasa, mu tarbe ta a cikin kashin awaki? Ta koma ta ce mutanen wurin nan ƙazamai ne?"

"Ina kuka samo tamfol?"

"Wurin mai hayar kayan biki na Kura. Ɗan ƙawata ne, aro ya ba mu, sai gobe zai ɗauka."

Na tambaye ta ina sauran kauɗar, wadda ta sha yashi. Ta ce an kwashe an tura ɗakunan baya, an rufe da tsofaffin zannuwa. Na buɗe baki zan yi magana ta ce in je in canza riga, wai wadda ke jikina ta yi kama da ta mai neman taimako. Na ce ai taimakon muke nema. Ba ta ko juyo ba.

Wajen azahar baƙuwar ta iso. 'Yar gabashin Afirka ce, doguwa, mai fara'a, da hular rana da ƙaramin littafi a hannu. Mata suka rangaɗa guɗa, aka zaunar da ita a kujerar da aka shimfiɗa wa darduma. Ta dubi rumfuna, ta dubi tamfol, ta dubi anko, ta ce mini da Turanci lallai wannan ƙungiya ta fi duk waɗanda ta gani tsari. Na fassara. Mata suka sake guɗa. Ni kaɗai na san cewa wannan yabo ba alheri ba ne.

Sai ta fara tambaya. Ta ce a tambayi shugaba yaya kasuwar kauɗa.

"Alhamdulillahi," in ji taubashiyata, "sai godiya."

Baƙuwar ta ce wace matsala suka fi fuskanta wajen shanya.

"Babu komai, lafiya ƙalau. Allah Ya rufa asiri."

Ta juya ga sauran matan ta ce ko akwai wadda ta taɓa yin asara. Suka dubi juna, suka dubi shugaba, sai wata dattijuwa ta ce, "Asara ai ta Allah ce, kuma Bai ɗora mana abin da ba za mu iya ba." Duk suka ce haka ne.

Na yi tafinta a wurare masu wuya, har tsakanin mutanen da ke riƙe da bindiga, amma ban taɓa yin gumi irin na ranar ba. In na fassara yadda aka faɗa, na kashe mu. In na ƙara nawa, baƙuwar tana kallon fuskoki, ta ga mace ta yi magana gajeriya tana murmushi, ni kuma in kwararo mata dogon bayanin wahala, ai za ta ce tsohon nan maƙaryaci ne. Na gwada ɗan ratse, na ce mata a al'adarmu "babu komai" ba lallai yana nufin babu komai ba. Ta yi dariya ta ce ta fahimta, su ma suna da irin haka, amma ita abin da ta gani da abin da matan suka faɗa da bakinsu za ta rubuta. Taubashiyata ba ta jin Turanci amma tana jin tsawon magana. Ta zungure ni ta ce, "Me kake ta zuba? Kalma biyu na faɗa."

Aka kawo abinci. Shinkafa 'yar gida, kaji, zoɓo mai sanyi da ƙanƙarar da aka sayo daga Bunkure. Baƙuwa ta ci ta yaba. Da ta wanke hannu sai ta rufe littafinta, ta sa shi a jaka. Na san wannan rufewar, na sha ganinta. Cikin ladabi ta ce in gaya wa shugaba ta ji daɗi ƙwarai, kuma gidauniyarsu tana fifita wuraren da buƙata ta fi tsanani, su kuwa ga alama sun riga sun tsaya da ƙafafunsu. Na fassara a hankali. Taubashiyata ta yi murmushi ta ce, "Mun gode, mun gode," amma na ga hannunta ya damƙe bakin mayafi. Can gefe, ƙarƙashin wata darbejiya, ƙanen mijinta yana tsaye yana sakace, yana auna filin da ido.

Ana cikin haka sai ga motar ɗaukar kaya ta shigo da baya, tana ƙara. Mai hayar kayan biki ne da ma'aikatansa. Ya diro yana haki ya durƙusa gaban taubashiyata.

"Inna, a yi mini afuwa. Wallahi wani biki ne ya taso a Garun Mallam, an matso da shi yau, kuma sun biya tun tuni. Dole in kwashe yanzu."

"Kai ɗan nan, ba ka ganin baƙuwa?" Ta faɗa ƙasa-ƙasa, wanda a wurinta yana nufin rabin gari ne kawai ya ji.

"Na gan ta, Inna, Allah Ya ba ta haƙuri. Su ma can baƙi ne da su, har daga Zariya."

Kafin a ce wani abu ma'aikatan sun fara. Mata suna miƙewa ana zare kujeru daga ƙarƙashinsu. Aka kwance rumfuna, rana ta sauko mana a ka. Sannan aka zo kan tamfol. Mutum biyu su kama gefe su ɗaga, tumatir ya gangaro ƙasa, su kaɗe su naɗe. Cikin ɗan lokaci filin ya koma filin da na sani. Kuma kamar an yi shela, ban san wanda ya kwance su ba, ko su suka tsinke igiya, sai ga awakin gari sun fito a guje, yunwar wuni guda na cin su. Matan da ke cikin anko da lalle suka bazama da tsintsiya da takalma suna "Kai! Kai!", kaji suka shigo ta ɗaya gefen. Wata akuya ta bi ta wani gida ta fito da tsohon zane a ƙaho, ta bar ƙofar ɗakin baya a buɗe, ga tulin kauɗa mai yashi a fili kowa na gani.

Kujera guda aka bari, ta baƙuwa, ita ma wani ma'aikaci yana tsaye a bayanta yana jira cikin ladabi. Ta tashi ta ba shi. Ta dube ni ta ce, me ke faruwa?

Na juya ga taubashiyata na ce, "Tana tambaya. Me zan ce mata?"

Na ga tana neman abin da za ta rufe da shi. Har ta fara cewa, "Ka ce mata wanki za a kai su..." sai ta katse maganar. Ta dubi matan da ke kokawa da awaki, ta dubi ƙanen mijinta. Na san abin da ke ranta. Ta kai shekara sittin ba ta taɓa kai kuka gaban baƙo ba, kuma ba ranar za ta fara ba. Bakinta ba zai iya ba ko ta so.

Sai wata dabara ta zo mini, ko in ce tsokana, don ban yi dogon tunani ba. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Ni dai na zaga duniya ban ga inda ake wa akuya shanya ba sai garin nan. Shugabar ƙungiyar ciyar da awaki, Allah Ya ja zamaninki!"

Ta juyo gaba ɗaya, ta riƙe ƙugu.

"Ni kake gaya wa haka, bawan banza? Kai da ka zaga duniyar me ka kawo mana ban da ciwon gwiwa? Ka taɓa tsugunawa tun asuba kana yanka tumatir har ruwansa ya cinye maka yatsu? Ka taɓa wuni a rana da sanda kana gadin shanya, ko salla sai kun yi karɓa-karɓa? Kwando nawa muke zubarwa duk shekara saboda raɓa ta sauka ya yi baƙi? Masu saye su zo daga kudu, su damƙa su ji yashi, su karya farashi, mu ce mun gode! Waccan," ta nuna wata mata, "bara iska ta tashi da rana tsaka ta kwashe mata shanyar mako guda ta zuba a kanal, ta zauna ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa. Waccan kuma 'yarta ta daina zuwa makaranta duk lokacin kauɗa, don babu mai korar kaji. Daɓe kawai muke nema da shinge, daɓe da shinge! Ga fili an ba mu, ga mai filin can yana jira ruwa ya sauka ya ƙwace. Kai kuma kana nan da harsuna biyar, ko ɗaya bai tsinana mana komai ba!"

Tana faɗa ina juyawa da Turanci, ban rage ko ɗaya ba, har da bawan banza da ciwon gwiwa. Baƙuwa ta zaro littafinta. Da sauran matan suka ga ni ake wa faɗa ba baƙuwa ake kai wa kuka ba, sai kowace ta matso da nata. Wadda ba taubashiyata ba ma ranar ta zama. Dattijuwar nan da ta ce asara ta Allah ce, ita ta fi kowa yi mini tas, har da nuna mini tabon wuƙa a hannunta kamar ni na yanke ta. Na sha zagi ranar fiye da wanda na sha a duk yawona, kuma ban taɓa jin daɗin zagi kamarsa ba.

Da ƙura ta lafa, baƙuwar ta nemi a kai ta ɗakin bayan nan. Ta damƙi kauɗar ta murza, ta ji yashin a tafin hannunta. Ta tambaye ni me ya sa shugaba take yi mini faɗa haka, na bayyana mata wasan taubasai, cewa akwai mutumin da al'ada ta yarda ka gaya masa komai ba kunya. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta zauna a kan turmi, tunda kujeru sun tafi Garun Mallam, ta ce in fassara wa shugaba magana biyu.

Ta farko, ta ce takardar da muka aika musu kamar rumfunan nan take, kyakkyawa, amma ta rufe abin da suke son gani. Masu karantawa a ofishinsu ba su san mu ba, ba za su iya hasashen abin da muka yi kawaici a kansa ba. In ba a faɗi matsalar ba, da wanda take ci, da abin da zai magance ta, sai su ɗauka babu. Ta biyu kuma ita ce ta ba ni mamaki. Ta tambaya cikin kwana nawa aka haɗa wannan tarba, wa ya ba da shinkafa, wa ya kawo kaji. Da aka gaya mata cewa kowace mace ta kawo abin da take da shi kuma shugaba ta rarraba aiki, sai ta ce wannan ma a rubuta shi. Gidauniya tana tsoron ba da tallafi ga mutanen da ba za su iya riƙe abu ba, matan da suka iya tayar da wannan taro daga babu kuwa za su iya riƙe wurin shanya. Ta ce ba ta yi mana alkawari ba, ba ita ke yanke hukunci ba, amma mu sake rubutawa kafin a rufe karɓa.

Taubashiyata ta saurara, sannan ta ce, "Tambaye ta, in an rubuta, mutanen garuruwan kusa za su gani?" Aka ce mata a'a. Ta ce, "To a rubuta."

Washegari muka zauna a zaurena. Na ɗauki alƙalami na ce ta faɗa. Ta gyara zama ta ce, "Rubuta muna gaishe su, su da iyalansu." Na ajiye alƙalamin na ce, "Shugabar awaki ta dawo." Nan take ta hau ni, ni kuma na duƙufa ina rubutu. Haka muka yi takardar gaba ɗaya: in ta fara laushi in tsokane ta, ta taso, in kwashe. Daga baya na cire zagin na bar gaskiyar, na sa abin da ake nema a layin farko, na bayyana abin da matan za su yi da hannunsu, wato ɗebo yashi da ruwa da ciyar da magina, da yadda za a riƙa gyara wurin bayan an gama. Gaisuwa na bar mata layi ɗaya, don ta rantse in babu gaisuwa ba za ta dangwala hannu ba.

Amsa ta yi jinkiri. Zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Ƙanen mijinta ya kai garmarsa wurin maƙeri aka gyara, kuma ya tabbatar ya bi da ita ta ƙofar gidanta. Ita kuwa ta rame, ta daina tsokanata, abin da ya fi komai tayar mini da hankali. Ranar da saƙon ya zo, ba duk abin da muka nema suka amince da shi ba, sun cire ɗakin ajiya, sun yarda da daɓe da shinge. Na je na gaya mata. Ba ta yi guɗa ba, sai ta shiga ɗaki ta fito da fartanya. Kafin magina su zo, kafin ma kuɗin su iso, matan nan sun haƙa ramin harsashi da kansu. Da ruwan farko ya sauka, a cikin raminsu ya taru. Mai fili ya zo ya tsaya a bakin ramin ya daɗe, sannan ya ce, "To, harsashi dai harsashi ne." Da rani ya zagayo shi ya fara zuwa roƙon a ba shi gefe ya shanya barkono, taubashiyata ta ce ya kawo buƙatarsa a rubuce, kuma kada ya cika gaisuwa.

Yanzu ƙungiyoyin da ke kusa, na masu shinkafa da na makarantun Islamiyya, in za su nemi tallafi sukan zo wurina. Nakan ce musu kafin a taɓa takarda su nemo wanda shugabansu ba ya jin kunyarsa, taubashi ko jika ko abokin wasa, a zaunar da su a haɗa su faɗa. Abin da ya fito a faɗan nan, shi ne takardar.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, rufin asiri abu ne mai kyau, kuma ban ga inda aka iya shi kamar wurinmu ba, amma yana da inda ake yin sa. Baƙon da ya zo gaisuwa a shimfiɗa masa darduma a ce masa lafiya ƙalau. Wanda ya zo don ya taimaka kuwa, a ba shi ruwa ya sha, sannan a kai shi ɗakin baya a ɗaga masa zanen. Faɗin buƙata a inda ya dace bai rage wa taubashiyata komai ba, yau ma ita ce shugaba, kuma miyar kauɗar garinmu ta daina ƙara a haƙori. Ni dai har yanzu ba a 'yanta ni ba. Ta ce sai an gina ɗakin ajiya.